Amrish Puri: Ma'aikacin gwamnatin da ya zama uban miyagun finafinan Indiya

A shekarar 1954, wani saurayi ɗan shekara 22 ya tsaya a gaban kyamara a birnin Bombay domin a gwada shi, a ga ko zai dace da fitowa a matsayin jarumin fim. Yana da tsawo da faɗin ƙirji, ga murya mai kauri, kuma yayyensa biyu sun riga shi shiga sana'ar. Duk da haka masu gwajin ba su ɗauke shi ba. Hukuncin da suka yanke shi ne fuskarsa ta yi tsauri, ba irin wadda 'yan kallo za su so su gani tana rera waƙar soyayya a cikin lambu ba ce.

Saurayin nan shi ne Amrish Puri. Shekaru 33 bayan wannan gwaji, fuskar da aka ƙi da muryar da aka ce ta yi kaushi su ne suka haifar da Mogambo, mugun da har gobe ake buga misali da shi a finafinan Indiya. Kafin mutuwarsa a 2005 ya fito a finafinai fiye da 450. Sai dai a tsakanin ranar da aka sallame shi da ranar da duniya ta san shi akwai dogon zango, kuma kimanin shekaru 20 daga ciki ya yi su ne a kan teburin ofishin gwamnati, yana karɓar albashi a ƙarshen wata kamar kowane ma'aikaci. A cikin waɗannan shekaru ne aka ƙera ɗan wasan da aka sani daga baya.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Amrish Lal Puri ranar 22 ga Yunin 1932 a garin Nawanshahr da ke yankin Punjab, lokacin Indiya tana ƙarƙashin mulkin Turawan Birtaniya. Iyayensa mabiya addinin Hindu ne, masu magana da harshen Punjabi. Gidansu gida ne da wasan kwaikwayo ya yi wa shigar wuri: yayyensa Chaman Puri da Madan Puri duk 'yan fim ne, kuma Madan ya yi suna wajen fitowa a matsayin mugu tun kafin a san ƙanensa. Haka nan fitaccen mawaƙi kuma jarumin nan K. L. Saigal, wanda ya mamaye finafinan Indiya a shekarun 1930 zuwa 1940, ɗan uwansu ne na jini.

Amrish yana da shekara 15 aka raba ƙasar gida biyu a 1947, aka samar da Indiya da Pakistan. Layin da aka ja ya ratsa ta tsakiyar Punjab, miliyoyin mutane suka bar gidajensu, aka kashe rayuka masu ɗimbin yawa a rikicin da ya biyo baya. Garinsu ya faɗo a ɓangaren Indiya. Wannan tarihi na yankin da ya fito zai sake dawo masa har sau biyu a cikin aikinsa, a talabijin da kuma a silima.

Ya yi karatun kwaleji a Shimla, garin nan na kan duwatsu da Turawan mulki suke ƙaura zuwa cikinsa da ofisoshinsu idan zafi ya tsananta. Da ya kammala sai ya bi sawun yayyensa zuwa Bombay, wadda ake kira Mumbai a yau, cibiyar shirya finafinan harshen Hindi. A can ne ya gamu da gwajin da ya rufe masa ƙofa.

Ofis da rana, daɓe da dare

Matasa da yawa da irin wannan ta faru da su kan ci gaba da zarya a ƙofar kamfanonin fim har guzurinsu ya ƙare. Amrish Puri bai yi haka ba. Ya nemi aiki, ya kuma samu a hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato ESIC, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar ƙwadago, kuma aikinta shi ne kula da lafiyar ma'aikatan masana'antu da biyansu haƙƙi idan ciwo ko haɗari ya kwantar da su. A wannan ofis ne ya haɗu da matar da ya aura a watan Janairun 1957, 'yar asalin yankin Maharashtra, suka haifi 'ya'ya biyu, namiji da mace. Da ita ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Sha'awar wasa ba ta bar shi ba. A farkon shekarun 1960 ya shiga ajin koyon wasan daɓe na Ebrahim Alkazi, malamin da ake ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin iyayen wasan kwaikwayon zamani a Indiya, wanda mahaifinsa ɗan kasuwa ne daga Saudiyya. Alkazi mutum ne mai tsananin ƙa'ida, ba ya wasa da lokaci, kuma yana koya wa ɗalibansa cewa jiki da numfashi da murya kayan aiki ne da ake wasawa kullum kamar wuƙar mahauci. A 1962 Alkazi ya koma Delhi domin shugabantar makarantar koyon wasan kwaikwayo ta ƙasa, sai Amrish ya koma hannun Satyadev Dubey, wanda ya ci gaba da tafiyar da ƙungiyar wasa ta Theatre Unit. Dubey ne Amrish ya riƙa a matsayin babban malaminsa har ya mutu.

Tsarin rayuwarsa a waɗannan shekaru ba mai sauƙi ba ne. Da safe ya tafi ofis, da yamma idan an tashi ya wuce wurin bita, ya dawo gida dare ya yi. Wasan daɓe a Bombay ta wancan lokaci ba ya ciyar da iyali. Abin da ake samu a ƙofa da ƙyar yake biyan kuɗin hayar zaure. Albashin gwamnati ne ke riƙe da gida, wasan kuma yana riƙe da zuciya. Ya ƙara da aron muryarsa ga tallace-tallacen rediyo, inda kaurin da aka raina a wurin gwaji ya fara zame masa abin samun kuɗi.

A hannun Dubey ya yi wasannin da suka zama ginshiƙan adabin daɓe na Indiya. A Andha Yug na Dharamvir Bharati, wanda ma'anar sunansa ita ce zamanin makanta, ya fito a matsayin Dhritarashtra, makahon sarkin da ya zauna yana sauraron labarin yadda yaƙi ya cinye 'ya'yansa. A Hayavadana na Girish Karnad ya fito a matsayin Kapila, ƙaƙƙarfan abokin da aka yi kuskuren musanya kansa da na amininsa mai ilimi, aka bar matar da ke tsakaninsu cikin ruɗanin wane ne mijinta. Ya yi Aadhe Adhure na Mohan Rakesh, sannan ya ɗauki babbar rawa a Sakharam Binder na Vijay Tendulkar, wasan da ya sha fama da masu tace wasanni saboda yadda ya fito da zaluncin da ake yi wa mata a cikin gida ba tare da sakaya ba.

Abin da daɓe ya koya masa shi ne abin da kyamara ba ta koyarwa. A kan daɓe babu damar a tsayar a sake, kuma dole muryar ɗan wasa ta isa ga mutumin da ke kujerar ƙarshe ba tare da ihu ba. Ya koyi inda ake jan numfashi a cikin doguwar magana, da yadda shiru na ɗan lokaci kan fi tsawa razanarwa, da yadda ake tsayawa cak a bar idanu su yi aiki. A 1979 cibiyar Sangeet Natak Akademi, wadda ita ce hukumar ƙoli ta kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo a ƙasar, ta ba shi lambar yabonta saboda aikinsa na daɓe.

Shiga fim yana dab da shekara 40

Ƙofar fim ta buɗe masa a makare, kuma kaɗan-kaɗan. Ya ɗan fito a Prem Pujari na Dev Anand a 1970, sannan a Reshma Aur Shera na Sunil Dutt a 1971, fim ɗin da aka ɗauka a hamadar Rajasthan, wanda shi ma Amitabh Bachchan ya fito a cikinsa a matsayin bebe tun bai yi suna ba. Amrish yana da shekara 39 a lokacin, shekarun da wasu jarumai suka fara tunanin ritaya. A 1973 Girish Karnad, wanda ya san shi tun a daɓe, ya ba shi babbar rawa a fim ɗinsa na harshen Kannada mai suna Kaadu.

Duk da haka bai ajiye aikin gwamnati ba. Hausawa na cewa ba a sakin reshe a kama ganye, kuma haka ya yi: ya ci gaba da zuwa ofis yana neman hutu idan ɗaukar fim ta taso, har sai da ya tabbatar sana'ar za ta iya ɗaukar nauyin iyalinsa, sannan ya rubuta takardar barin aiki.

Wanda ya fara nuna wa masana harkar ainihin abin da Amrish zai iya shi ne darakta Shyam Benegal, jagoran wani sabon salon finafinai da suka kauce wa raye-raye da ƙawa, suka fuskanci talauci da danniya da rikon ƙauye. A Nishant na 1975, Amrish ya fito a matsayin babban wa a gidan wasu masu gonaki da suka mayar da mutanen ƙauye tamkar bayi, har ƙannensa suka sace matar malamin makaranta ba wanda ya iya ɗaga murya. Fim ɗin ya shiga gasar Cannes ta ƙasar Faransa a 1976. Muguntar da ya nuna a nan ba ta da ado ko kaɗan; ta mutum ce da ya saba a bi umarninsa, wanda ba ya bukatar ɗaga murya domin a ji tsoronsa.

A Manthan na 1976 ya fito a matsayin ɗan kasuwar da ke sayen madarar makiyaya da araha, yana ɗaure su da bashi, wanda kafa ƙungiyar gama kai ta makiyayan ke barazana ga cinikinsa. Wannan fim yana da tarihi na musamman, domin manoma da makiyaya 500,000 na jihar Gujarat ne suka haɗa kuɗin shirya shi, kowannensu ya ba da rufi 2. A Bhumika na 1977 kuma ya zama attajirin da ya killace wata 'yar fim, wadda Smita Patil ta fito a matsayinta, ya ba ta duk abin duniya amma ya hana ta taka ƙofar gida.

Darakta Govind Nihalani ma ya yi aiki da shi a irin wannan salo. A Aakrosh na 1980 lauyan gwamnati ne. A Ardh Satya na 1983 kuma tsohon ɗan sanda ne mai dukan matarsa, wanda ya tilasta wa ɗansa shiga aikin da ba ya so. Om Puri ne ya fito a matsayin ɗan, kuma duk da sunan da suka haɗa, babu dangantakar jini a tsakaninsu.

Babban bos

Fim ɗin da ya shigar da shi babbar kasuwa shi ne Hum Paanch na 1980, inda ya fito a matsayin azzalumin basarake mai gonaki da wasu matasa biyar suka haɗu domin kawar da shi. Daga nan masu shirya finafinai suka gane sun samu abin da suke nema. Jarumi ba ya yin girma a idon 'yan kallo sai abokin gabarsa ya zama abin tsoro, kuma Amrish yana iya tsayawa a gaban Dilip Kumar ko Amitabh Bachchan ba tare da an shafe shi ba. Ya yi hakan a Shakti na 1982, inda manyan biyu suka haɗu. Darakta Subhash Ghai ya riƙe shi a jerin finafinansa, tun daga Vidhaata a 1982 da Hero a 1983, zuwa Meri Jung a 1985, Ram Lakhan a 1989 da Saudagar a 1991. A Meri Jung ya fito a matsayin lauyan da ya san mutum ba shi da laifi amma ya sa aka rataye shi domin kare sunansa na wanda ba ya faɗuwa a shari'a. Wannan rawa ce ta kawo masa kyautar Filmfare ta farko a 1986.

A daidai wannan lokaci ne finafinan Turai da Amurka suka neme shi. A Gandhi na Richard Attenborough, wanda ya fito a 1982 kuma ya lashe kyaututtukan Oscar 8, ya fito a matsayin Khan, ɗan kasuwa Musulmi a Afirka ta Kudu da ya mara wa Gandhi baya a farkon gwagwarmayarsa. Bayan shekaru biyu Steven Spielberg ya ɗauke shi a Indiana Jones and the Temple of Doom, a matsayin Mola Ram, shugaban matsafan da ke zaro zuciyar mutum da hannu yana raye. Domin wannan rawa ya aske kansa ƙwal, kuma tun daga nan bai sake tara gashi ba, abin da ya sauƙaƙa masa sauya kamanni da hulunan gashi iri-iri. Spielberg ya yaba masa ƙwarai, har ya bayyana shi a matsayin mugun da ya fi so.

Fim ɗin bai zo masa da yabo kaɗai ba. Hukumomin Indiya sun nemi a gyara labarin kafin su ba da izinin ɗauka, ba a daidaita ba, sai aka koma Siri Lanka da Ingila aka ɗauke shi. Indiyawa da dama sun ji haushin yadda aka nuna ƙasarsu a matsayin matattarar tsafi da cin ƙazanta, kuma wani ɓangare na sukar ya faɗa kan 'yan ƙasar da suka fito a ciki. Amrish bai mayar da hankalinsa ga Hollywood ba bayan haka. Ya dawo gida ya ci gaba da aikinsa, inda ake ɗaukar finafinai da dama da shi a lokaci guda.

Mogambo

A 1986 ya fito a Nagina a matsayin bokan macizai mai busa sarewa, wanda ke farautar macijiyar da ta rikiɗe ta zama mace, rawar da Sridevi ta taka. A shekara mai bi, 1987, sai ga Mr. India, wanda Shekhar Kapur ya ba da umarni, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta labarinsa. Anil Kapoor ne jarumi, talaka mai riƙon marayu da ya gaji wata na'ura mai sa mutum ya ɓace wa gani. Abokin gabarsa shi ne Mogambo, wanda ke zaune a wani tsibiri da dakarunsa da makamai masu linzami, yana shirin durƙusar da Indiya ta hanyar gurɓata abinci da haddasa tarzoma. Da farko Anupam Kher aka ɗauka, daga baya aka sauya aka kira Amrish.

Idan aka duba a takarda, Mogambo abin dariya ne: farin gashi mai ruwan zinare, riga mai ado kamar ta janar ɗin wasan yara, kujerar mulki da yake ƙwanƙwasawa da zobba. A hannun wani ɗan wasan da sai ya zama shirme. Amrish ya ɗauke shi da gaske kamar yadda ya ɗauki makahon sarkin daɓe. Akwai gajeriyar jimlar da Mogambo ke maimaitawa duk lokacin da wani abu ya faranta masa rai, kuma a kowane karo da irin sautin da yake fitar da ita: wani lokaci da murmushi, wani lokaci a hankali kamar mai raɗa, wani lokaci da gurnani. Jimlar ta fita daga silima ta shiga bakin jama'a, 'yan siyasa da 'yan talla da yaran unguwa duk suna aronta. Yana da shekara 54 lokacin da fim ɗin ya fito.

Bayan Mogambo sai miyagu suka biyo a jere: Tridev a 1989, Ghayal a 1990, Tahalka a 1992, Damini a 1993 inda ya zama lauyan da ke kare masu fyaɗe yana neman mayar da mai shaida mahaukaciya, Karan Arjun a 1995, Koyla a 1997, da Nayak a 2001 inda ya zama babban ministan jiha mai cin hanci da wani ɗan jarida ya karɓi kujerarsa na kwana guda. Ya kuma yi finafinai a harsunan Telugu da Tamil da Malayalam da Marathi da Punjabi.

A talabijin

A tsakiyar wannan kasuwa mai zafi bai yanke hulɗa da abokansa na farko ba. A 1988 gidan talabijin na gwamnati, Doordarshan, ya nuna Tamas, wato duhu, shirin da Govind Nihalani ya gina a kan littafin Bhisham Sahni game da kashe-kashen rabuwar ƙasa a Punjab. Amrish ya fito a matsayin jagoran wata al'ummar Sikh da rikici ya rutsa da su a cikin wurin ibadarsu. Shirin ya nuna yadda masu neman mulki a kowane ɓangare suka hura wutar da ta cinye talakawan Hindu da Musulmi da Sikh. An kai ƙara domin a dakatar da nuna shi, maganar ta je har kotun ƙoli, kotu ta ƙi hanawa. A lokacin kusan tashar ce kaɗai a ƙasar, don haka gidaje masu yawan gaske suka kalle shi.

Ya sake komawa ga wannan tarihi a Gadar na 2001, a matsayin Ashraf Ali, uban da ya ƙaura zuwa Lahore ya kuma ƙi amincewa da auren 'yarsa da direban babbar mota ɗan Sikh, wanda Sunny Deol ya fito a matsayinsa. Fim ɗin yana cikin waɗanda suka fi cin kasuwa a tarihin silimar Indiya.

Daga mugu zuwa uba

Da shekaru suka ja, sai wata fuskar tasa ta fito. A Gardish na 1993 ƙaramin ɗan sanda ne mai gaskiya da ke burin ɗansa ya zama hafsa, yana kallo burin ya wargaje. A 1995 Aditya Chopra ya ba shi rawar Baldev Singh a Dilwale Dulhania Le Jayenge: mai kanti a Landan da ya shafe shekaru a baƙunta amma zuciyarsa tana Punjab, wanda ya yi wa abokinsa alƙawarin aurar da 'yarsa ga ɗansa tun tana ƙarama. Shah Rukh Khan da Kajol ne masoyan, amma nauyin labarin yana kan uban. Ba mugu ba ne. Mutum ne mai tsoron kada 'ya'yansa su ɓace a ƙasar wasu, mai ganin cika alƙawari shi ne mutunci. A ƙarshen fim ɗin, a tashar jirgin ƙasa, yana riƙe da hannun 'yarsa gam yayin da jirgin da ke ɗauke da saurayin ya fara tafiya, sannan ya sake ta. Abin da ya faru a fuskarsa a waɗannan daƙiƙu shi ne abin da 'yan kallo suka fi tunawa. Gidan silima na Maratha Mandir da ke Mumbai ya shafe fiye da shekaru 25 yana nuna fim ɗin.

A Ghatak na 1996 tsohon ɗan gwagwarmayar neman 'yanci ne da cutar daji ta kama, wanda 'yan daba suka wulaƙanta a bainar jama'a. A Virasat na 1997 basaraken ƙauye ne da ke son ɗansa da ya yi karatu a waje ya dawo ya ɗauki nauyin mutanensa. Waɗannan biyun sun kawo masa kyautar Filmfare a 1997 da 1998. Abin lura a nan shi ne, tun da aka ƙirƙiro rukunin gwarzon mugu a wannan gasa a 1992 an sha sanya sunansa a cikin 'yan takara, amma bai taɓa lashewa ba. Kyaututtukansa uku duk na mataimakin jarumi ne, kuma biyu daga ciki a matsayin uba nagari ya same su. Ya kuma nuna yana iya ban dariya, kamar a Chachi 420 na Kamal Haasan da Mujhse Shaadi Karogi na 2004.

Halayensa da ƙarshen rayuwarsa

Waɗanda suka yi aiki da shi sun haɗu a kan siffa ɗaya: mutum ne mai kiyaye lokaci, mai zuwa wurin ɗauka da maganganunsa a haddace, mai tsayawa a kan kuɗin da ya yanka wa aikinsa. Ɗabi'un ofis da na daɓe ba su bar shi ba ko bayan da ya yi suna. Ba a san shi da rigingimun da suka dabaibaye rayuwar taurari da yawa ba. Abin da aka san yana kashe wa kuɗi shi ne huluna, waɗanda yake tarawa daga ƙasashen da ya ziyarta.

A 2003 ya yi mummunan haɗari a wurin ɗaukar fim ɗin Jaal a jihar Himachal Pradesh, ya ji rauni a fuska da ido. Daga baya aka gano yana ɗauke da wata cuta ta ɓargo mai hana jiki samar da lafiyayyen jini. Duk da haka ya ci gaba da aiki domin ya kammala finafinan da ya karɓa. A ƙarshen Disambar 2004 aka kwantar da shi a asibitin Hinduja da ke Mumbai, aka yi masa tiyata a ƙwaƙwalwa. Ya mutu ranar 12 ga Janairun 2005 yana da shekara 72. Fim ɗin Kisna na Subhash Ghai ya fito kwanaki kaɗan bayan mutuwarsa, littafin tarihin rayuwarsa mai suna The Act of Life kuma ya fito a 2006. Ranar 22 ga Yunin 2019 kamfanin Google ya sanya zanen fuskarsa a shafinsa na farko domin tunawa da ranar haihuwarsa.

A ƙasar Hausa, inda finafinan Indiya suka samu gindin zama tun zamanin gidajen silima na Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato, har zuwa zamanin kaset da na fassarar Hausa, mutane da yawa ba su riƙe sunansa na yanka ba. Mogambo suka sani. Da zarar fuskarsa ta bayyana an san bos ya iso, kuma jarumi zai sha wuya kafin a tashi. Kaɗan ne daga cikin masu kallon suka san cewa mutumin da suke tsinewa a duhun silima ya yi kimanin shekaru 20 yana duba takardun ma'aikatan da ciwo ya kwantar, yana tashi daga ofis ya wuce wurin bita. Fuskar da aka sallama a 1954 bai sauya ta ba. Abin da ya yi shi ne ya koyi sana'ar har ta kai babu mai iya shirya babban fim bai tuna da ita ba.